Cigiyar Ƙyallu

Tun shekarar da gidan rediyon jiha ya sallami masu gabatarwa, na'ura ke magana. Ita ma mai araha aka sayo, wadda harshenta bai iya ƙa, ɗa da ɓa ba.

Tsoho Gambo ya kai cigiyar matarsa Ƙyallu, wadda tsufa ya mantar da ita komai sai sunanta. Yana nan tsaye lasifika ta ce, "Kyallu ta bata."

"Ta ba ta me?" Ya maka sanda a kan tebur. "Ke yarinya, ni ne na fito daga ambaliyar da ta ci garinmu, matar nan a kafaɗata! Ban yi boko ba, amma ban taɓa karya sunanta ba. Miƙo abin maganar in kira ta da bakina."

"An sayar da shi, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Akwai murya mai kyau, amma ta jawabin manya ce."

"To, manyan ne suka ɓata?"

Ta sunkuyar da kai.

Can a tashar mota, wata tsohuwa ba takalmi tana zaune gindin lasifika. Ana ta kiran Kyallu, ita kuwa tana tausaya wa mai sunan.