Kofin Liman

"Malam, wane magani kaka sha ban da wanga na hawan jini?" in ji likitan Tambuwal.

Liman ya sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan yana tangaɗi a hanyar masallaci, harshensa yana sarƙewa a tsakiyar Fatiha. Mutanen unguwarsu a Kebbe suka ce giya ce. Sahu ya yi ta raguwa, har ya zamana shi kaɗai yake kabbara, shi kaɗai yake sallama.

Da ƙyar ya zaro ƙullin ƙwayoyi daga aljihun 'yar ciki. Maganin farfaɗiya ne. Shekara takwas yana sha a ɓoye, ko wanda ya rubuta masa na hawan jinin bai gaya wa ba.

"To, ga giyar taka nan," in ji likita. "Hanta ita ka sarrafa tsohon maganin. Sabon, na hawan jinin, ya hana ta aikinta, shi ko tsohon ya taru cikin jini. Za mu canza maka."

Liman ya warke. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi gaskiya duka. Aka nemi gafararsa, wasu har da hawaye, sahu ya sake cika.

Bayan la'asar aka kawo ƙwaryar fura kamar kullum, ludayi ɗaya yana zagayawa. Amma a unguwar an ɗauka ta yawu ake kamuwa da farfaɗiya. Da liman ya miƙa hannu, sai ladan ya durƙusa cikin ladabi, ya ajiye masa sabon kofi.

Ludayin ya tsallake shi, ya wuce.