Ajin da Wura Ta Tsallake

A Iseyin, garin masaƙa a ƙasar Yarbawa, in aka ambaci Baba Wura, sai an yi murmushi tukun. Abokan saƙarsa suna cewa bai taɓa jiran amala ta huce ba, shi ya sa kullum harshensa a ƙone. Matarsa kuwa cewa take ranar aurensu ma ya riga makaɗa isowa. Amma duk mai faɗin haka sai ya ƙara da cewa ba masaƙin da ya fi shi hannu, kuma ba uban da ya fi shi son 'yarsa.

'Yar tasa, Wuraola, yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, burinta ta zama injiniya. Tana aji biyu na babbar sakandare uban ya yi mata rajistar jarrabawar fita, ta kuwa ci, har da lissafi. Ran nan duk rumfar masaƙa sai da ta ci ƙosai da agidi.

"Aji uku na masu barci ne!" in ji shi. "Tawa jami'a za ta."

Madam Fadeyi, malamar lissafinsu, ta tako har rumfar.

"Baba Wura, a bar min ita shekara guda. Lissafin da ta ci na kowa da kowa ne. Wanda ke jiranta a jami'a, kalkulas, a kan wasu yake zaune: lissafin kusurwoyi, da aljabara mai zurfi, da zana layi mai lanƙwasa. Ko rabi ba mu yi ba."

"Haba Madam, can ɗin ba malamai ba ne?"

"Malamai ne, amma ba sa komawa baya. Kai ka taɓa jefa ƙoshiyar saƙa ba ka yi wadarin zare ba?"

Masaƙa suka tuntsire da dariya. Dariyar ce ta ƙona masa rai.

"Je ki koya wa 'ya'yan wasu jira. Baƙin ciki ne kawai, don naki ba su yi ba."

Madam ta gyara ɗaurin zanenta, ta tafi. Wura, da ta kawo masa abinci tana durƙushe, ta ce, "Bami," haka take kiran uban, "ni ma da an bar ni..."

"Ajiye kwanon ki wuce gida."

A satin ya fara saƙa ankon bikin kammala digirinta, shuɗi mai ratsin azurfa.

Sai bayan shekara biyu ya san abin da ya faru a jami'a, ranar da Wura ta sauko daga mota da akwatinta, ta rame kamar wadda ta yi jinya. Ta durƙusa ta faɗa masa. Malamin kalkulas yakan rubuta layi uku, ya ce, "Wannan kun sani tun sakandare," ya goge allo. Ta haddace dokoki, amma kowace tambaya sai ta kai ta wata ƙofar da ba ta da mabuɗinta. Ta faɗi, ta maimaita, ta sake faɗi. An cire ta daga sashen.

"Bami, ashe ni daƙiƙiya ce," in ji ta.

A rumfa aka daina kiransa Baban Injiniya, ba wanda ya tsokane shi, kuma shirun ya fi tsokana ciwo. Shekara ɗaya ya so ya rage mata, biyu suka tafi. Wura ta daina fita, ta daina dariya.

Iya Wura ce ta ɗauki doya da kaza, ta ja 'yarta zuwa gidan Madam Fadeyi. Shi kuwa uban ya ce ƙafarsa na ciwo.

Madam ba ta tone tsohuwar magana ba. Ta ce, "Zauna, 'yata. Daga farko za mu ɗauko."

Sannu a hankali dariya ta dawo gidan. Wata rana Wura ta tsayar da ubanta cikin rana a gindin mangwaro, ta auna inuwarsa da ta bishiyar, ta faɗi tsawon mangwaron ba tare da ta hau ba.

"Maita!" in ji shi.

"Lissafi ne, Bami. Tsaya cak, kana ɓata min kusurwa."

"Wannan ya tsaya cak?" in ji Iya Wura daga madafa. "Sai dai ki ɗaure shi a jikin bishiyar."

Ta sake zana jarrabawar shiga, ta samu wata jami'ar. Da sakamakon kalkulas ya fito ta bugo waya tana ihu: "Bami, ashe abin daɗi ne!"

Ranar bikin digirinta aka fito da shuɗin ankon nan daga ƙasan akwati. Masu kalangu suna kiran sunan Wura, mata suna rawa, ana ta ɗebo amala. Baba Wura ya karɓi abin magana. Kowa ya zaci kirari zai yi wa kansa. Sai ya cire hularsa a gaban jama'a, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

"Madam Fadeyi, na zage ki a gaban mutane, a gaban mutane zan roƙe ki. Gaskiya kika faɗa. Ki yafe min."

"Kai!" wani masaƙi ya ɗaga murya. "Yau ga abin da ya jira ya huce!"

Aka yi dariya, har da Madam. Baba Wura bai yi ba. Ya juya ga 'yarsa.

"Wuraola, ba ke kika faɗi ba. Ni na ture ki. Ki yi haƙuri, 'yata."

Iyaye, ajin da muke tsallake wa yaro don a yabe mu, yaron ne zai je ya tarar da raminsa a gaba. Mu bar su su gama ginin ƙasa kafin mu ɗora musu bene.