Lamba Tara

Ku yaran yanzu, da kun iya karanta layi biyu sai ku ɗauka duk wanda ya riga ku zuwa duniya jaki ne. Ba kwa tambaya, in an fara ba ku labari kuma kuna duba agogo. To ku ji yadda Farfesa ya ƙare.

Ba farfesa ba ne. Tun yana ƙarami da aka saya masa tabarau 'yan gidansu suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya ɗauka da gaske. Gwaggonsa ce ta raine shi bayan rasuwar ubansa, ita ta wanke masa kayan makaranta har ya shiga jami'a.

A bangon falon Gwaggo akwai hoto guda: kakansa, mahaifin Gwaggo, cikin farar riga, tsaye kusa da wani likita, kafaɗar likitan ta kare masa hannun hagu. An ɗauki hoton a gidan binciken da aka yi gwajin cutar shawara tun da can, lokacin da ake son a tabbatar ko sauro ne ke kawo ta. Farfesa ya rantse sai ya shigar da sunan kakansa cikin tarihi a matsayin mataimakin likita. A kan haka ya ɗora binciken digirinsa.

Da Gwaggo ta ji, ta ce, "In ka samu sarari ka zo, akwai abin da zan nuna maka a akwatina."

Ya ce, "Gwaggo, tarihi a takarda yake, ba a cikin tsummokaran tsofaffi ba."



Wata uku yana zuwa ɗakin ajiyar takardu. Tsohon da ke kula da ɗakin shi ke hawa tsani yana sauko masa da kundaye, yana kaɗe musu ƙura da kashin gara. Ko sau ɗaya Farfesa bai ce masa sannu ba.

Ya samu sunan likitoci, ya samu na magatakarda, har na mai wanke kwalabe. Na kakansa babu. Sai ya yanke hukunci da kansa, wai hassada ce ta sa aka goge shi.

Mutanen da aka yi gwajin a jikinsu kuwa ba a rubuta sunansu ba, lamba aka ba su. Kowanne a sa masa riga mai ɗauri a wuya don kada wani sauron daban ya cije shi, a yanke hannun hagu na rigar daga gwiwar hannu, a ɗinke lambarsa a cikin wuyanta. Sai a kawo sauron da ya sha jinin mara lafiya cikin kwalba mai raga a baki, a kife a kan fatarsa.

Shafin Lamba Tara ne ya fi ba Farfesa nishaɗi. Sauro goma sha biyu suka cije shi. Rana ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi, idanunsa suka yi rawaya, ya yi baƙin amai, ya ɓata shimfiɗa. Kwana uku yana kuka yana roƙon a kawo masa 'yarsa ƙarama ya gan ta. Farfesa ya karanta ya ƙyalƙyale da dariya har tabarau ya zame.

Tsohon ya ce, "Ɗana, juya shafin."

"Na ga abin da nake nema."

"Mutanen nan suna da jikoki fa."

Farfesa ya dube shi sama da ƙasa. "Ko babanka ne, Baba? Na ga ka damu."

Tsohon ya ɗauke kundin ya mayar da shi ma'ajinsa. Da Farfesa ya juya, da ya ga cewa Lamba Tara ya warke, ya kuma dawo da ƙafarsa sau bakwai aka ɗebi jininsa don a nema wa wasu magani. Amma mai tabarau ba ya juya shafi don tsoho ya ce.

Ranar gabatar da bincike zauren ya cika. Gwaggo ta ɗaura sabon zane ta zauna a layin gaba. Aka haska hoton a bango, ƙato. Farfesa ya nuna shi da sanda ya ce ga mai ilimi da aka danne wa haƙƙi. Sannan ya ce bari ya nuna musu irin jahilan da mutum kamar kakansa ya yi fama da su, waɗanda suka miƙa hannu ga sauro kamar tumaki. Ya karanta shafin Lamba Tara kaf. Da ya zo wurin kukan, har murya ya maƙale yana kwaikwayo: "Ku kawo mini 'yata, ku kawo mini 'yata."

Zaure ya fashe da dariya, har malamansa da manyan rigunansu.

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita.

Ya samu digirin. Da ya je gida ya tarar an sauke hoton, sai ƙusa a bango. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya kawo mata takardar shaidar, ba ta duba ba. Ya tura dattawa, suka dawo suka ce ta ce ba ta da abin faɗa. Shekara biyu matar da ta goya shi ba ta sake kiran sunansa ba, har Allah ya karɓi ranta. Ranar da za ta cika yana tsaye a bakin gadonta yana roƙon gafara, ta juya fuska ga bango.

Bayan an yi jana'iza aka buɗe akwatinta, aka miƙa masa ƙunshi guda da ta ce nasa ne. Ya kwance shi. Farar rigar nan ce ta cikin hoton, hannun hagu a yanke daga gwiwa, a cikin wuyanta kuma an ɗinke lamba tara da baƙin zare.