Ko Keken Ko Wanzami

Kwana shida wanzami yana ɗauke da keken ɗinkin wata mai ɗinki a ka, tun ranar da yaƙin basasa ya koro su daga gari, amma ya kasa furta mata abin da ke ransa. A bakin kogi, mai kwalekwale ya ɗora uwarta da ƙannenta, ya ce, "Bayan ke, nauyi ɗaya ya rage. Ko keken, ko mutumin."

Ta dubi keken. Ta dubi wanzami. Ta sake duban keken, har da shafa shi.

Wanzami ya ce, "Baiwar Allah, kin fa daɗe."

"Shi yake ciyar da mu. Kai fa?"

"Ni ma zan iya. In kin yarda... har ƙarshen rayuwa."

"Kwana shida kana tafe da wannan maganar?"

"Keken ne ya danne min wuya."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Uwar ta leƙo. "Shigo, ɗan nan. Amma ka sani, wanda ka gada ɗigon mai kawai yake sha, kuma bai taɓa mayar mata da magana ba."