Wankin Ƙafa Kafin Jibin Ubangiji

Da tsohon faston ya durƙusa gabansa da daron ruwa, kamar yadda Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa kafin jibin ban kwana, sai mai sayar da geron ya janye ƙafarsa.

Ranar kasuwar Daura, tun da gardamar shari'a ta yi zafi, samari sun kewaye tsohon suna ta hankaɗa shi. Suka tambayi mai geron, "Ba malaminku ba ne?" Ya ce bai san shi ba, ya ci gaba da awo.

"Baba," ya ce da tsohon da ke durƙushe gabansa, "ranar nan ni..."

"Na ji ka, ɗana. Miƙo ƙafar."

Ya miƙa. Hannun da ya tallafi diddigensa har yanzu a kumbure yake.