Baƙar Jif ɗin Barau

Kwana uku Barau yana cin hutun ƙarshen shekara a Kaduna, duk a ƙafa, har silifas ɗinsa ya tsinke. Da ya ga wata baƙar jif a ƙofar kanti, sai ya jingina da ita, ya ɗauki hoto, ya tura guruf ɗin 'yan ƙauyensu na Sabuwa: "Allah ya yi, mun shiga sahun manya."

Kafin la'asar, sambarka ta cika wayar. Sai ga kiran mahaifinsa.

"Baba, ka ga motar?" ya tambaya yana murmushi.

"Na gani. 'Yan bindigar dajinmu ma sun gani. Har sun aiko tambayar ranar da mai jif zai dawo. Yi zamanka can."

Barau ya dubi tsinkakken silifas ɗinsa.