Lambar da ke Ƙarƙashin Inji

Da la'asar ne, a garejin Kawu kusa da gadar Wudil. An tsamo wata tsohuwar mota daga kogi, ya ciro injinta ya rataye shi da sarƙa a reshen darbejiya. Ya duba ya ce kan injin na wata mota ne daban, dole sai ya san lambar da ke gindin injin kafin ya haɗa. Shi bai yi boko ba, ni kuwa ina aji uku.

"Ɗan nan, shiga ƙasa ka karanto mini."

Na kwanta rigingine, baƙin mai da taɓon kogi suna ɗiga a goshina. Ina karanta harafin farko reshen ya yi ƙara. Na karanta na biyu, ya sake yin ƙara.

"Kawu, zai faɗo!"

Ya matso. Ya durƙusa, ya tura kafaɗarsa ƙarƙashin ƙarfen.

"To, ni zai fara dannewa. Ci gaba."

Na ƙarasa ina kuka. Sai da na girma na gane kafaɗar mutum ba ta tare inji. Shi kuwa tun ranar ya sani.